Layin da Baba Luka Ya Ja

Duk direban da ke lodin ɗalibai daga cikin garin Sakkwato zuwa jami'a a Kwalkwalawa ya san motar Mode, ya kuma san ba a jingina da ita. Ƙaramar bas ce shuɗiya mai cin mutum goma sha huɗu, da wani siririn layi ruwan ɗorawa da ya zagaye ta. Layin ya tashi daga kusurwar gilashin gaba ta sama, ɓangaren direba, ya gangaro ya bi gefe, ya zagaya baya, ya biyo ɗaya gefen, ya hau ya ratsa goshin motar ya komo inda ya fara. Ko za ka kwana kana dubawa ba za ka gane inda bakin biyu suka haɗu ba.

Shekara shida Mode yana tsaron wannan fenti, kuma tsaron har ya so ya yi yawa. A garin da kowa ke rububin inuwar dogonyaro, shi a tsakiyar rana yake ajiye motarsa ya lulluɓe ta da tamfol, saboda 'ya'yan dogonyaro da kashin tsuntsu suna cin fenti. Ba ya ɗaukar shata zuwa Kalambaina ko nawa za a ba shi, don ƙurar siminti idan ta sami raɓa sai ta daskare. Ba ya goge ta da busasshen tsumma, ba ya wanke ta da garin sabulu, kuma lokacin zaɓe ya kusa dambe da wasu samari da suka zo manna mata fasta. 'Yan tasha suna kiransa Liman Mai Fenti, su ce kafin ka shiga motarsa sai ka yi alwala.  Matarsa Hajjo kuwa ta daɗe da sallama tsoffin zannuwanta, tana cire zane daga ɗaurawa ta san a goge mota zai ƙare.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne dalili. Lokacin da Mode ya sayi motar, bayan shekara ashirin yana tuƙa ta mutane, kwarababbiya ce mai launi uku. Baba Luka ne ya karɓe ta, wani dattijo mutumin Kagoro da ya yi shekara talatin da wani abu yana fentin mota a Sakkwato. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kanta. Shi ya haɗa shuɗin da hannunsa, shi kuma ya ja layin da buroshi, babu rula babu igiya. Wata uku bayan haka hawan jinin ido ya rufe masa gani gaba ɗaya. Motar Mode ce aikinsa na ƙarshe.

Tun daga nan duk Lahadi bayan la'asar Mode yake tafiya Mabera gaishe shi. Matarsa Mama Hannatu takan riƙo hannunsa ta fito da shi ƙofar gida, ya ɗora yatsa a kan layin, ya bi shi a hankali har ya zagaye motar. Idan ya gama sai ya tambaya ko tana nan. Mode ya ce, "Tana nan yadda kab bar ta, Baba." Tsohon ya gyaɗa kai, a shiga ciki a sha zoɓo. Shekara shida Mode bai taɓa faɗin wannan magana da ƙarya a bakinsa ba, kuma ya ƙudurta ba zai taɓa ba.

To, mai tsaron fentin shi ya fasa gilashin da hannunsa. Akwai wani ɗan tabo a gilashin gaba, bai kai ƙwarar wake ba, inda tsakuwar tifa ta taɓa shi bara. Wata Talata cikin watan Afrilu, rana tsaka, ana irin zafin da ko kwalta ke laushi, ya sauke ɗalibai a Kwalkwalawa sai ya hango hankaka ya yi masa aika-aika a goshin mota, daidai kan layin. Ya san a wannan zafi minti goma ya isa kashin ya bar tabo. Bai tsaya tunani ba ya fizgi ruwan leda biyu daga kular wata mai sayarwa, masu ƙanƙara a ciki, ya yage ya tuttula. Kashin ya wanku tas. Ruwan sanyin kuma ya gangaro kan gilashin da ya yi awa biyar yana shan rana, sai ya ji ƙas. Tsagar ta tashi daga ɗan tabon nan ta ratsa gaban direba har ƙasa.

Ya tsaya da leda a hannu yana kallo. Haushin kansa ya kama shi ƙwarai, don abin da ya sha hana yaran wankin mota ke nan.

Tuƙi da wannan tsaga ba zai yiwu ba, ko jami'an hanya sun ƙyale shi, hasken rana yana karyewa a cikinta ya soki ido. Amma ba canjin gilashin ne ya hana shi cin tuwo a ranar ba. Ya ga yadda ake cire gilashi a garin nan. Da gam ake liƙe shi, kuma masu aikin wuƙa suke zura wa gam ɗin, su sa sukundireba su ɓanɓara, ƙarfe yana gurzar ƙarfe. Mota goma da aka canja wa gilashi, tara za ka ga bakin fentinsu a gutsure. Layin Baba Luka kuwa bai fi faɗin yatsa ɗaya tsakaninsa da bakin gilashin ba.

Ya zagaya masu gilashi huɗu yana yi musu tambayoyi kamar mai neman surukin kirki. Uku suka gaji da shi. Na huɗun shi ne Hamza, magidanci mai shekara arba'in da ke da rumfa a wani gareji kusa da Ƙofar Taramniya, mai yawan dariya amma mai sauraro. Ya yarda zai yanka gam ɗin da waya, ba da wuƙa ba, ya kuma yarda Mode ya tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Ya ce shi dai a yi masa rai kada a sa shi alwala.

Gilashin ya iso daga Kano bayan kwana uku. Hamza ya ɗauko waya zai fara, Mode ya ce a dakata. Ya zaro zare daga aljihu ya auna tsohon, ya auna sabon, ya sake aunawa. Sabon ya fi faɗi da yatsa biyu. Na wata bas ne mai kama da tasa, an aiko da shi bisa kuskure.

Hamza ya sosa ƙeya. "Malam Mode, wanga ba wani abu na ba. Yatsa biyu na kawai. Fanalbita shi ɗan taɓa ƙarhen da guduma, gilashi shi zamna daram. Haka muka yi kullum."

"Guduma ba ta hawa motag ga," in ji Mode.

Hamza ya yi masa bayani cewa mayar da gilashi Kano a kawo wani zai ci mako ɗaya ko fiye, ga shi ɗalibai na jarrabawa, lokacin da kowace mota ke cika tana batsewa. Mode ya ce ya ji. Ya ja motarsa ya kai ƙofar gida ya rufe da tamfol. Kwana tara ba ta yi lodi ba. Abokan tasha suna wucewa da lodi suna yi masa hon, wani ya leƙo ya tambaye shi ko motar ta shiga i'tikafi ne. Hajjo ba ta yi ƙorafi ba, sai dai miyar gidan ta fara tsinkewa, shi ma ya lura. Ranar Lahadi ya je Mabera da tsagaggen gilashinsa yana tuƙi a hankali. Baba Luka ya bi layinsa ya yi tambayarsa, ya sami amsarsa, don har lokacin gaskiya ce.

Gilashi na biyu ya zo daidai, zaren Mode ya shaida. Ranar aikin tun da hantsi ya iso da kayansa: zannuwan Hajjo uku, kwalaye da ya yanka siri-siri, da tef na takarda nadi huɗu. Shi da kansa ya bi bakin gilashin ya liƙe tef ninki uku, ya ɗora kwali a kai, ya shimfiɗa zannuwa a gaban motar. Mutanen gareji suka bar aikinsu suka zo kallo. Hamza ya warware silin wayar birkin babur, ya huda gam ɗin ya zura ta, ya ba Mode baki ɗaya a ciki, shi ya riƙe ɗaya a waje, suka shiga ja kamar masu zarto. Duk inda wayar ta nufi fenti sai Mode ya ce a tsaya, a gyara kwali. Aikin minti ashirin ya ci awa biyu da rabi. Rigar Hamza ta jiƙe sharkaf, dariyarsa ma ta ƙare.

Da suka ɗaga gilashin suka ajiye, Mode ya ɓare tef ɗin a hankali ya bi da ido. Babu ƙwarzane ko ɗaya. Ya yi hamdala a fili, har ya fara murmushi.

Hamza ne bai yi murmushi ba. Yana tsaye kan benci yana kankare ragowar gam, sai ya tsaya a kusurwar sama ta ɓangaren direba. Ya kira Mode ya hau ya gani. A ƙarƙashin gam ɗin ƙarfen ya yi ja, yana ɓarɓashi. Tsatsa ce, tsohuwa, tsawon tafin hannu. Hamza ya danna fentin da ke samanta da ɗan yatsa, fentin ya lotsa kamar ɓawon ƙwai. Ta ci ta ƙarƙashi ta shige har ƙasan layin, daidai wurin da bakinsa biyu suka haɗu.

Hamza ya faɗa masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Hanya biyu ce. Ko a shafa gam a kan tsatsar a ɗora gilashi, fenti ya tsira, babu wanda zai gani. Zai riƙe shekara ɗaya, wataƙila biyu, sai dai da damina ruwa zai riƙa ɗiga, kuma gam ba ya kama ruɓaɓɓen ƙarfe, ranar da aka yi wani mugun karo ko aka faɗa rami da gudu gilashin na iya sakin wannan kusurwa. Ko kuma a kankare har sai farin ƙarfe ya fito, fentin wurin ya tafi, layin ya tafi. Ya ƙara da cewa mutum tara cikin goma ta farko suke zaɓa, shi kuma ba zai gaya wa kowa ba.

Mode ya sauko ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ransa ya ɓaci, ya ji kamar ya yi kuka. Kwana tara na zama, awa biyu da rabi na jan waya, shekara shida na shan rana da dariyar mutane, ga shi abin da yake tsaro daga waje ashe daga ciki ake cinsa. Hanyar farkon ta ja shi sosai, ba ƙarya. Yatsan Baba Luka ba zai taɓa jin abin da ke ƙarƙashin gam ba. Amma sai ya tuna kujerar gaba, inda kullum ɗalibai biyu ke zama da littattafai a cinya, fuskarsu taku ɗaya daga gilashin. Ya kuma tuna cewa ranar Lahadi zai buɗe baki ya ce tana nan yadda aka bar ta, alhali ya san abin da ya binne.

Ya miƙe ya ce a kankare. Hamza ya ɗauko samfefa, takardar nan mai kaushi ta gurza, Mode ya riƙe masa hannu, ya ce ba yanzu ba, akwai wanda za a gaya wa tukuna. Ya tare ɗan kabu-kabu ya hau sai Mabera.

Mama Hannatu ta yi mamakin ganinsa ranar Alhamis, kuma babu mota. Baba Luka yana zaune a tsakar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya. Bayan gaisuwa Mode ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga hankaka da ruwan ƙanƙara har tsatsar. Bai rage laifinsa ba. Ya ce ya zo ne don kada ranar Lahadi yatsan Baba ya riga bakinsa faɗa.

Tsohon ya kashe rediyon. Sannan ya tambaya wace kusurwa. Mode ya ce ta sama. Kafin ya ƙarasa Baba Luka ya ce, "Ɓangaren direba."

Mode ya ɗago kai.

"Na san ta," in ji Baba Luka. "Ranar da nake shirya wurin, idona na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma hazo yake gani. Ban gaya wa kowa ba, ko Hannatu. Na ji wurin da kaushi a hannuna, na duba ban ga komai ba, sai na gaskata idon na ƙaryata hannun. Na shafa fenti a kai. Shekara shida ina bin layin nan, Mode, duk na zo kusurwar sai in ɗan danna, in ji ko tsatsar ta taso. Kai kuma ka ce mini tana nan, sai in yi shiru don daɗin jin maganar."

Mama Hannatu ta juya ta shiga ɗaki.  Mode ya zo ne da shirin neman gafara, sai ga shi ana neman tasa. Ya ce wallahi shi bai ga laifi ba, aikin da ya yi shekara shida a ranar Sakkwato bai dusashe ba ai ya wuce a yi masa magana. Baba Luka ya ce ba yabo ya nema ba. Ya tambaya wa zai kankare wurin. Da ya ji mai gilashi ne sai ya tsuke baki, ya ce mai gilashi gilashi ya sani. Ya ɗaga murya ya ce Hannatu ta ɗauko masa takalmansa. Ta fito da takalman a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da wani ƙullin tsumma mai maiƙo da ta ciro daga ƙasan akwati. Buroshinsa ne na jan layi.

A keke napep suka iso garejin su uku. Tsofaffin garejin da suka san shi suka taso suna gaisuwa, wasu rabonsu da shi tun yana gani. Aka kama shi ya hau benci, Mode yana riƙe da ƙugunsa. Ya shafa kusurwar sau ɗaya, ya miƙa hannu a ba shi samfefa, ya murza ta tsakanin yatsu ya mayar, ya ce wannan ta katako ce, a kawo ta ƙarfe. Hamza ya kawo.

Mode yana kallo shuɗin ya fara tashi, sannan ruwan ɗorawar. Ya yi zaton ba zai iya kallo ba, sai ya ga hankalinsa ya koma kan hannun tsohon. Hannun bai manta komai ba. Ya gurza, ya hure, ya shafa da tafin yatsa, ya sake gurzawa. Sau biyu Hamza ya ce ai ya yi fari, sau biyu Baba Luka ya ce da saura, kuma da aka duba da kyau sai a ga ɗigon ja a inda ya nuna. Har aka kira la'asar yana kan bencin. Zufa na zuba daga haɓarsa, yana ta faɗa da kowa, kuma Mama Hannatu ta ce wa Mode a hankali rabon da ta ji wannan muryar shekara shida ke nan.

Sauran aikin ya ci kwana uku. Aka shafa jan fentin da ke hana tsatsa aka bar shi ya bushe. Baba Luka ya zauna ya faɗa wa mai fentin garejin yadda ake haɗa shuɗin, kaza da kaza, da ɗigon baƙi. Da aka fesa bai zo daidai ba, don rana ta ɗan sha tsohon fentin, sabon ya fi shi duhu kaɗan. Hamza ya ɗora gilashinsa a kan lafiyayyen ƙarfe, ya zauna daram, aka watsa ruwa bokiti biyu ko ɗigo bai shiga ba. Saura giɓin layi, tsawon tafin hannu.

Mai fentin ya ce zai liƙa tef ya cike shi cikin minti biyar, ya fito a miƙe kamar na inji. Mode ya ce a'a. Baba Luka kuwa ya ce a bar yaro ya yi, shi makaho ina shi ina layi. Mode ya ce shi dai motarsa ce, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa ja mata layi. Suka yi ta ja-in-ja har Mama Hannatu ta kwance ƙullin tsumman ta sa wa mijinta buroshin a hannu.

Ya hau bencin. Ya lalubi ƙarshen tsohon layin ta hagu da ɗan yatsa, don fentin yana da ɗan tudu da hannu ke ji. Ya lalubi na dama ya dafa shi da babban yatsa. Ya auna tsakaninsu sau uku a iska. Har mai walda ya kashe injinsa. Sannan ya tsoma buroshin, ya ja numfashi ya riƙe, ya ja layin a tafiya ɗaya.

Layin ya fito siriri, sumul, babu rawa. Amma da ya isa ɗaya bakin sai ya sauka ƙasa da shi kaɗan.

"Sun haɗu?" in ji Baba Luka.

Hamza ya buɗe baki zai ce sun haɗu, Mode ya riga shi. "Ba su haɗu ba, Baba. Saura kamar ƙwarar gero."

Tsohon ya yi tsaki ya ce a kawo tsumma da fetur a goge tun bai bushe ba, a ba yaron nan ya yi da tef ɗinsa. Mai fentin har ya miƙo tsumman. Mode ya karɓe shi ya cusa a aljihu, ya tallafi tsohon ya sauko da shi daga bencin, ya ɗauko kwali ya tsaya yana kare wurin daga ƙura har ya bushe.

Lahadi ta gaba bayan la'asar ya tsaya a ƙofar gidan a Mabera. Mama Hannatu ta fito da mijinta. Ya ɗora yatsa ya bi layin, gefe, baya, ɗaya gefen, goshi, har ya zo kusurwar. Ya danna ya ji ƙarfe tauri. Yatsan ya sami ɗan tudun nan inda bakin biyu suka saɓa, ya tsaya a kai ya daɗe.

"Tana nan?" ya tambaya.

"Tana nan yadda kab bar ta, Baba," in ji Mode.